Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Jama'a, ina da wani taubashi, ɗan gwaggona, wanda Allah ya ba sa'a ya sami tallafin karatu na shekara guda a birnin Landan, yana neman digiri na biyu a fannin tattalin arziki da sha'anin kuɗi. Tare muka tashi a Tungar Guru, cikin ƙasar Bukkuyum, tare muka yi kiwon awaki, kuma rana ɗaya aka kai mu firamare, ko da yake shi ya riga ni fita jami'a, ni kuwa yajin aiki ya riƙe ni har yau ina nan tare da ku. Ba zan faɗi sunansa ba, domin gwaggo tana da rai, kuma ina so in ci gaba da cin tuwonta. Amma tun da taubashi ne, al'ada ta ba ni ikon in yi masa tsiya ko a tsakiyar kasuwa, shi kuwa ba shi da ikon yin fushi. To, yau shafin wannan mujalla shi ne kasuwata.

Tun ran da ya sauka Landan wayata ba ta huta ba. Yau hoto ne a gindin babban agogon nan na majalisar Ingila, gobe a ƙofar fadar sarki yana washe baki kusa da sojojin nan masu doguwar baƙar hula, jibi a filin ƙwallon Arsenal sanye da jar riga, gata a titin Oxford riƙe da jakar sayayya wadda na tabbata ba komai a cikinta. Makon jiya kuma sai ya aiko mini da abin da ya kira tsarin tafiye-tafiyensa, an shirya shi tsaf a kwamfuta, da kwanan wata da kuɗin masauki da komai. Hutun Disamba zai shiga jirgin ƙasa daga tashar St Pancras ya bi ta ƙarƙashin teku ya ɓulla Faris, tafiyar sa'a biyu da 'yan mintoci, ya hau hasumiyar Eiffel. Hutun bazara zai tafi Basalona da birnin Rum. In ya gama jarrabawa ya ratsa ta Dubai. Har kuɗin bizar shiga ƙasashen Turai, yuro 90, ya lissafa. A ƙarshe ya rubuta, "Ɗan kawu, tafiya mabuɗin ilmi!"

Da na nuna wa abokai a ɗakin kwana sai suka rabu biyu. Wasu suka ce kai, wannan shi ne ya more duniya, Allah ya kai damo ga harawa. Wasu suka ce ɓata kuɗi ne da lalacewa. Washegari na kai maganar gaban wani malaminmu wanda shi ma ya yi shekara uku a Turai, ya dubi takardar ta saman tabarau ya ce, "Karatu aka aike shi ko yawo? Ni da na je, ɗakina, ajinmu, laburare, sai masallacin Juma'a. Har na dawo ban san wani wuri ba." Ya faɗi haka yana alfahari. Ni kuwa, Allah ya gafarta malam, da masu sha'awar da masu zargin duka ban yarda da su ba, kuma zan fara da na malam don ita ta fi sauƙin warwarewa.

Mutumin da aka ɗauka daga Zamfara aka kai shi birni mai mutum kusan miliyan 9, ya zauna shekara uku tsakanin bango huɗu, ya dawo da takarda da labarin sanyi, wallahi an yi asarar kuɗin jirgi. Littattafan da ya karanta a can yanzu ana samun yawancinsu ta intanet daga Sakkwato ko Zariya. Abin da ba ya biyo waya shi ne birnin kansa, watau yadda mutanensa suke samun ruwan sha, da inda ƙazantarsu take tafiya, da wanda suke kai wa ƙara in abu ya ɓaci, da yadda suka yi suka fita daga irin halin da muke ciki. Na zaune bai ga gari ba. Kuma magabatanmu da suka je Landan suka dawo da abin kirki ba 'yan zaman ɗaki ba ne.

Ku tuna da Dorugu, yaron nan Bahaushe na ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth har Tumbutu, daga baya ya isa Landan a 1855. Ba shi da digiri, ba shi da tallafi, amma yana da ido da kunne. Ya zauna ya ba wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da abin da ya gani a ƙasar Turawa, da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Har yau masu nazarin Hausa suna cin moriyar kallon da yaron nan ya yi. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Bai tsaya ga wuraren da aka zagaya da su ba, ya sadu da Lugga, wanda ya ci ƙasarmu da yaƙi, ya zayyana masa matsalolin Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatun malanta a Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, ya shiga cikin 'yan siyasar Ingila masu ra'ayin talaka ya ga yadda suke shirya kansu, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya. Da waɗannan mutane sun bi shawarar malamina, da wani tarihin muke karantawa.

To, kada taubashina ya yi saurin tafi. Ban wanke shi ba. Waɗancan sun shiga birni, shi kuwa har yanzu Dala yake hange. Ya je wuraren da aka tanada don baƙo ya tsaya ya ɗauki hoto ya biya ya wuce, inda Bajapane da Balarabe da Bahaushe duk fuska ɗaya suke yi wa kyamara. Ba laifi ba ne mutum ya ga agogo. Laifin shi ne ɗan Tungar Guru ya yi wata uku a Landan bai san cewa a garin nan akwai abin da ya taɓa shiga har tsakar gidan uwarsa ba.

Bari in koma baya, don na san da yawa cikinku mutanen Kano ne da Katsina, ba ku san Tungar Guru ba sai dai ko a jarida. A 2010 muna da shekara goma ko kusa da haka. Shekarun da suka gabaci wannan, haƙar zinare ta buɗe a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Manomi da geronsa ba ya kai shi ƙarshen rani sai ya ga maƙwabcinsa ya sayi babur ya rufa ɗaki da kwano, shi ma ya ɗauki diga. A daji ake haƙo dutsen, amma gida ake kawo shi, don tsoron ɓarayi, kuma don mata su ma su sami na kansu. A fasa shi da guduma a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa hatsi da shi, a shanya garin a rana, a wanke, a kama zinaren da zaiba. Ƙura ta tashi ta sauka ko'ina, a tabarma, a ƙwarya, a bakin rijiya. Ba wanda ya san cewa dutsen nan cike yake da dalma, ɗan'uwan dutsen tozali ne. Yaro mai rarrafe kuwa hannu a ƙasa, hannu a baki, kuma hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar fiye da na babba. Daga hanji ta shiga jini, daga jini ta hau ƙwaƙwalwa.

Sai yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, tsofaffi suka ce iska ce. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda suke zagayen neman sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka aika jini Turai aka gwada, aka ga dalma ce. Da masu bincike suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin kashi 400 ne. Jimillar yaran da suka mutu a Zamfara ta kai kimanin 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu. Aka buɗe wuraren magani a asibitocin Anka da Bukkuyum. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka zo Tungar Guru da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe aka binne a rami, aka zubo sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka kai gare ta. Ina iya tuna ranar da aka kankare gidan gwaggo, muna tsaye a bakin zaure ni da taubashina muna kallo. A lokacin ƙanwarsa ta goye ta yi wata bakwai a ƙasa.

Yanzu ga tambayar da nake so mai digirin tattalin arziki ya amsa. Dutsen nan yana nan tun kaka da kakanni. Me ya sa sai a waɗannan shekaru mutane suka auka masa haka? Amsar tana Landan, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙarƙashin ƙasa daga inda yake ɗaukar hoto. A 2001 ozar zinare, watau giram 31 da ɗan ɗoriya, tana wajen dala 270. A 2008 manyan bankunan Amurka da Turai suka durƙushe, masu kuɗi suka tsorata da takarda suka ruga wajen zinare. Kafin ƙarshen 2010 oza ta wuce dala 1,300. Dutsen da a da bai cancanci wahalar daka ba ya zama abin da ya fi noma. Kuma a ina ake yanka wannan farashi da duniya take bi? A Landan. Tun ranar 12 ga Satumba 1919 wakilan kamfanoni biyar suka fara zama a ofishin bankin Rothschild suna tsai da kuɗin zinare. Tun 2015 an mai da abin gwanjo ta kwamfuta, sau biyu a rana, ƙarfe goma da rabi na safe da ƙarfe uku na yamma. Lambar da ta fito daga nan ita ce take bin waya ta isa Dubai, ta isa Kano, ta isa wurin dillalin da ke zaune da ɗan sikelinsa a kasuwar Bagega, bayan kowa ya yanki rabonsa a hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce Bature ya zauna ya ƙulla kashe 'ya'yanmu ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Wanda yake sayen zinare a Landan bai taɓa jin sunan Tungar Guru ba, kuma wannan shi ne abin tsoron. Ban kuma zagi masu haƙa ba. Ni da nake wannan rubutu, da kuɗin zinaren kawuna aka biya mini jarrabawar fita sakandare, kuma rigar sanyin da taubashina yake hoto da ita, in aka bi diddigi, daga rami ɗaya ta fito. Abin da nake cewa shi ne, akwai igiya tsakanin garin da yake da garin da ya fito, bakinta ɗaya yana hannunsa tun yana yaro, yanzu Allah ya kai shi inda ɗaya bakin yake, shi kuwa ya juya mata baya yana kallon agogo.

Gwanjon kwamfuta ba ya kallonuwa, na sani. Amma Babban Bankin Ingila yana nan tsakiyar birnin, da sandunan zinare kimanin 400,000 a ƙarƙashinsa, yawancinsu ajiyar wasu ƙasashe da bankuna. A gidan tarihin bankin, inda ba a biyan ko kwabo a shiga, an ajiye sanda guda ta gaske cikin akwati mai rami, mutum ya zura hannu ya ɗaga, nauyinta wajen kilo 13. Ina so ya je ya ɗaga. In ya ɗaga ya tsaya ya yi lissafi, tun da lissafi ne aikinsa: buhun dutse nawa mata za su daka kafin a tara wannan? Daga nan ya taka zuwa unguwar Hatton Garden, inda maƙeran zinare da dillalai suke, ya tambaya yadda ake gwada kyawun zinare a buga masa hatimi. Tun shekarar 1300 Ingila take da dokar buga hatimi a kayan azurfa da zinare don kada a cuci mai saye. Mu kuwa, shekara 700 bayan haka, mai haƙa yana miƙa ɗan ƙullinsa, dillali ya duba da ido ya faɗi abin da ya ga dama, sikelin nasa ne, farashin nasa ne. Ga kundin digiri a zube a titi, yana tsallake shi ya tafi kallon ƙwallo.

Akwai kuma wani wuri da ya fi wannan ma, a unguwar Soho, bayan titin Oxford ɗin nan da yake yawo da jakar banza. A ƙarshen watan Agusta na 1854, shekara guda kafin zuwan Dorugu, kwalara ta ɓarke a unguwar ta kashe mutum fiye da 600, yawancinsu cikin kwana goma. Manyan likitocin lokacin sun ce mugun wari ne yake kawo ta. Ku lura, su ma iska suka zarga, kamar tsofaffinmu. Wani likita, John Snow, bai yarda ba. Ya bi gida gida yana tambaya wa ya mutu, ina suke ɗiban ruwa, ya zana taswira ya sa alama a kowane gidan da aka yi rashi, sai ga alamun sun taru kewaye da famfon tuƙa-tuƙa guda a titin Broad. Ya je wurin hukumar unguwa, ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin masai ne yake tsiyaya cikin rijiyar. Bayan shekara huɗu, a 1858, Kogin Thames ya yi ɗoyin da ya hana 'yan majalisa zama, dole suka ba da kuɗi injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa waɗanda har yanzu ake amfani da su. Dogon titin bakin kogin da taubashina ya tsaya ya ɗauki hoton agogo, a kan ɗaya daga cikin magudanan nan yake. Watau a kan amsa yake tsaye, ya ɗaga kai sama.

Yau sunan titin Broadwick, kuma an kafa kwaikwayon famfon, marar hannu, don tunawa. Ba layi, ba tikiti. Abin da ɗan Tungar Guru zai koya a gindinsa shi ne Landan ma ta taɓa zama garin da ake binne yara ba a san dalili ba, kuma abin da ya fitar da ita ba wani sihiri ba ne, mutum ne ɗan gari da takarda da fensir da naci. A 2010 aikin nan na bin gida gida baƙi suka yi mana shi, daga Holan da Amurka, tare da ma'aikatan lafiyarmu. Masu kankare ƙasar ma, kamfanin TerraGraphics, sun koyi sana'arsu ne a jihar Idaho ta Amurka, inda hayaƙin wata masana'antar narka dalma ya cutar da yaran garin Kellogg a 1974. Mun gode musu. Amma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha ta tafi, kamar yadda kowane baƙo yake tafiya. Dalma kuwa ba ta ruɓewa. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, haƙa ba ta tsaya ba, aka ɗage hanin a Disamban 2024. A watan Maris na 2025 ozar zinare ta tsallake dala 3,000. Duk wanda ya fahimci abin da dala 1,300 ta yi mana, ba sai an gaya masa abin da ke tafe ba. A 2015 ma irin wannan ta auku a ƙasar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. In ta sake dawowa Bukkuyum, wa zai zana taswirar?

Saboda haka ni ban ce ya yaga tsarin tafiyarsa ba, gyara nake so ya yi. Tun da yana son jirgin ƙasa, ya hau ya tafi Derbyshire a tsakiyar Ingila, inda aka haƙi dalma tun zamanin Rumawa, akwai gidan tarihin haƙarta a can. Ya gangara Cornwall, inda makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Camborne take tun 1888, ya tambayi yadda ƙaramin mai haƙa zai niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, da abin da injin zai ci. Duk waɗannan ba sa bukatar biza. In kuwa lalle sai ya ƙetare, to daga Faris zuwa Janeba, inda hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take, sa'a uku ne da 'yan kai. Dubai kuwa na yarda ƙwarai ya je, da sharaɗin kada ya ƙare a dogon bene. Ya shiga kasuwar zinare ta Deira ya tambayi 'yan kasuwa daga ina kayansu suke zuwa, ya ga ko akwai mai amsa masa.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a ɗaki. Wani ya ce, "Haba malam, yaro ya sha wahala, ya fito daga ƙauyen da ba wuta ba ruwa, a bar shi ya huta mana. Dole ne kowane ɗan Zamfara ya ɗauki garinsu a ka duk inda ya je? Ɗan Bature in ya je Rum ai ba a tambayarsa me ya gano." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma in na je Landan sai na ga Arsenal, ba zan yi ƙarya ba. Ya kalli ƙwallonsa, ya hau hasumiyarsa. Amma ɗan Bature da ya je Rum ya bar dubban 'yan garinsu a gida masu digiri, akwai mai duba ruwa, akwai mai gwada ƙasa, akwai ɗan jarida, akwai lauya. In ya yi wasa ba abin da ya ragu. Mu fa? A ƙirga 'yan Tungar Guru da suka taɓa taka Landan, yatsun hannu ɗaya sun yi yawa. Wanda yake shi kaɗai ne idon gari ba shi da 'yancin lumshewa irin na mai dubu. Ba adalci ba ne, na yarda, amma ba ni na tsara duniya haka ba. Ga kuma kuɗin. Tun da aka saki naira a 2023, fam guda ya haye naira 2,000 a 2024, har wasu ɗalibanmu a Ingila suka kasa biyan kuɗin makaranta. Dare uku a Basalona ya isa a gwada jinin yara da dama.

Wannan cuta ba ta taubashina kaɗai ba ce, shi ya sa na kawo ta nan maimakon in bar ta a waya. Mu da muke nan gida ma haka muke. Ɗalibi ya zo daga Gummi ya yi shekara huɗu a Sakkwato bai taɓa leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ba, bai san inda ake tace ruwan da yake sha ba. Ya yi shekara huɗu a Kano ya san kowane kantin zamani, bai san Kurmi ba, bai san marinar Ƙofar Mata ba. Irin wannan ko an kai shi Sin hoto zai aiko. Kuma malamanmu, da girmamawa, kuna da kaso a ciki. Kun je, kun dawo, ba ku rubuta mana komai da Hausa game da abin da kuka gani ba. Shekara 80 bayan Imam, ɗalibin da zai tafi Landan ba shi da littafin Hausa na zamaninsa da zai gaya masa inda zai sa ido, sai abin da kamfanonin yawon buɗe ido suka cusa masa a waya.

Abu na ƙarshe a tsarin nasa shi ne wanda ba ya ciki. Na duba sama da ƙasa, Faris tana nan, Rum tana nan, Tungar Guru babu. Da na tambaye shi ya ce, "Ɗan kawu, kai ma ka san hanya." Na sani. Duk wanda ya bi titin Mayanci zuwa Anka zuwa Daki Takwas a shekarun nan ya san yadda ake shiga mota da addu'a a baki, kuma ni kaina na daɗe ban kwana a gida ba. Ba zan tura shi hannun 'yan bindiga don in ci gardama ba. Amma Gusau tana zuwuwa, Anka ma akwai mutanenmu da yawa da suka yi gudun hijira can, kuma wanda ya iya lissafa kuɗin masauki a Basalona wata shida kafin lokaci zai iya lissafa yadda zai ga uwarsa. Ran da na kira gwaggo na ce ɗanta yana ta yawo a birnin Turawa, ba ta tambayi agogo ba. Cewa ta yi, "To, mi yag gano?"

Na aika masa da wannan takarda kafin in miƙa wa edita, don kada ya ce na ci amanarsa. Na haɗa masa da sunan titin Broadwick da tashar jirgin da zai sauka, na ce ya je ya tsaya a gindin famfon, ya je bankin ya ɗaga sandar, sa'an nan ya rubuto mana shafi uku da Hausa a buga a fitowa ta gaba, da farashin oza na ranar da abin da dillalin Bagega ya biya a wannan mako. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba, hotuna ma suka tsaya. A rana ta uku ya rubuto cewa ranar Asabar Arsenal tana wasa a gida, sai dai Lahadi, kuma in tambayi kawu nawa ake sayen giram yanzu.